Faɗuwar Kawu Bulus a Gidajen Motsa Jiki

Duk wanda ya taɓa miƙa wa Kawu Bulus kujera ya san ba zai zauna ba sai ya girgiza ta. Zai kama ta da hannu biyu ya jijjiga, ya danna gwiwa a kai, ya leƙa ƙarƙashinta, sannan ya ce, "To, yanzu mun san juna." Ba ruwansa da ko gidan wa ne. Ya yi a ofishin Fasto, ya yi a gidan surukansa, bencin cocin da ya tsufa yana zama a kai ma kowace Lahadi sai ya sake yi masa jarrabawa, wai mako guda ya isa katako ya canja hali. In ka ce masa, "Kawu, ai sabuwa ce," sai ya dube ka ta saman tabarau ya ce, "Ka gwada?" Shi ya sa 'yan Sabon Gari suka bar kiransa Hedimasta tun kafin ya yi ritaya, suka koma ce masa Sai-Na-Gwada.

Ni Lami, 'yar ƙanwarsa, ni na fi kowa shan wahalar wannan hali, don ni ce mai mota a dangi. Kafin ya shiga sai ya zagaye ta yana shurin tayoyi, ya ƙwanƙwasa ƙofa da kan lemarsa, lemar nan da ba ya rabuwa da ita rani da damina, sannan ya ce, "Gwangwanin naki zai kai mu?" Duk kun san wannan. Amma labarin jim, wato gidan motsa jiki, da yawanku rabi kuka ji, rabin kuma shi ne wai tsohon ya taɓu. Tunda mun taru yau don tunawa da shi, ni da na yi ta yawo da shi bari in gaya muku yadda aka yi.

Lokacin da matarsa, Mama Rifkatu, ta samu shanyewar ɓarin jiki, hannun hagu da ƙafar hagu suka yi mata nauyi. Aka yi ta kai ta gashi a asibiti har ta fara tsayawa, tana takawa tana jan ƙafar. Ran da aka sallame ta, mai gashin ta gaya mana ƙarara cewa in ta koma gida ta zauna, ƙafar za ta sandare, kuma ba mai iya dawo da ita. Ta ce a nema mata wurin motsa jiki kusa da gida, mai keken nan da ake tuƙawa ba ya zuwa ko'ina, da abin dafawa. Ta kuma ja mana kunne: in ta faɗi, kada kowa ya ja ta da hannun da ya shanye, kafaɗar na iya gocewa.

Mama ta dawo gida ta shige ɗaki. Matar da ita ke buga tulu a zumuntar mata, ita ke gaba in an fita rawar kai baiko a coci, sai ga ta ta juya madubin ɗakinta ya fuskanci bango. Ta ce ba inda za ta. "In je in faɗi a gaban mutane, a zagaye ni ana sannu-sannu? Ku bar ni a ɗakina." Muka rarrasa, muka yi faɗa, matan zumunta suka zo suka yi addu'a suka tafi. Ƙafar kuwa kullum ƙara nauyi take yi, muna gani.

Wata Juma'a Kawu ya kira ni. "Lami, gobe ki zo da gwangwanin nan. Za mu nemo wa Maman Iliya jim." Haka yake kiran Mama, da sunan ɗansu.

Na ce, "Kawu, ai ba sai mun sha rana ba. Ga su nan duk a waya, da hotuna, da abin da mutane suka faɗa a kansu."

Ya ce, "Wayar ta taɓa faɗuwa a ciki?"

Ban gane tambayar ba a lokacin. Da na gane, wallahi da na ce motar tana gun makanike.

Muka fara da Samaru a nan Zariya, wani wuri a saman bene, shaguna a ƙasa. Muna fitowa daga mota sai na ga Kawu ya cusa hannun hagu a aljihun riga, yana jan ƙafar hagu a ƙasa.

"Kawu, me ya samu ƙafarka?"

"Yau ni ne Maman Iliya. Ki yi mini shiru."

Haka ya hau benen nan, matakala ba abin riƙewa, yana ja yana nishi, mutane na jira a bayansa. Da muka kai sama ya share gumi ya ce, "Wannan ya faɗi jarrabawa tun daga ƙasa. Amma tunda mun hau, bari mu ƙarasa masa."

Ciki kuwa kiɗa kamar gidan biki, ɗalibai sun cika wurin, bango duk madubi. Wani saurayi mai ƙirji ya taho, shi ne mai horarwa, ya ce, "Sannu Baba, jikanka za a yi wa rijista?"

Kawu ya nuna bango da lema. "Duk wannan madubin na mene ne?"

"Don mutum ya riƙa ganin jikinsa, Baba."

"In ba ya son gani fa?"

Saurayin ya yi dariya, ya ce bai taɓa jin wanda ba ya so ba. Kawu ya juyo wurina. Sai ya miƙo mini lema. Ya cire tabarau ya miƙo mini. Ya dubi ƙasa ya zaɓi wuri, sannan ya zube warwas.

Jama'a, ni malamar sakandare ce a Samaru. Rabin yaran da ke wurin ta ajina suka bi. Sai ji na yi ana, "Anti Lami, babanki ne? Sori Anti." Wani har ya ɗaga waya yana ɗauka. Mai ƙirjin ya rugo ya cafki hannun hagun Kawu ya fizgo shi sama.

Kawu ya daka masa tsawa. "Saki! Wannan hannun ya shanye."

"Baba, ai yanzu na ga ka cire tabarau da shi."

"Ɗazu ke nan. Yanzu ya shanye. Kai buhun masara ka saba ɗagawa, ba mutum ba."

Ya kakkaɓe rigarsa, ya karɓi tabarau, muka sauko, ni fuskata a ƙasa. A mota na buɗe masa wuta, na ce ya kunyata ni a gaban ɗalibaina. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Kin ga wanda ya ɗaga waya? Wannan kaɗai ya isa. Ja mu je PZ."

Na PZ a ƙasa yake, ba bene, ga sanyin na'ura, ga ƙamshi. Mai wurin mutumin kudu ne, mai fara'a, Hausarsa gauraye da Turancin kasuwa. Ya fara nuna mana injuna, Kawu ya ce shi bayi zai fara gani. Ya shiga, ya fasa ledar ruwa a kan tayil, ya sa ƙafa ya murza, ya fito ya ce mini, "Santsi." Ya shinshina tawul ɗin da ke rataye, ya mayar da shi da yatsu biyu. Mai wurin ya ce in muka yi rijistar shekara zai yi mana sauƙi. Kawu ya ce, "Ni ko takalmi ba na saya sai na taka. Za ka sayar mini shekara ban ga mako ba?"

Sai ya hango injin nan da ake tafiya a kansa. Ya ce, "Lami, hau." Na ce ba da takalmin motsa jiki na zo ba. Ya ce Maman Iliya ma ba ta da shi. Na hau, aka kunna, ina tafiya ina riƙe da zanina. Kawu ya tambayi mai wurin, "In an ɗauke wuta mutum yana kai fa?"

"Ba wahala, Baba, akwai janareta."

"Kafin janaretan ya tashi fa?"

Mai wurin yana neman amsa, ashe Kawu ya zagaya bayan injin. Ya zare wayar wutar daga bango. Injin ya tsaya, ni ban tsaya ba. Na tafi gaba na rungume ƙarfe, ɗankwalina ya yi nasa wuri. Na juyo zan yi magana, ya ce, "Na gode, Lami. Yanzu mun sani."

Ban gama ɗaura ɗankwali ba na ji an sa mini lema a hannu. Na ce, "Kawu, don girman Allah." Tabarau ya biyo. Ya zube. Mai wurin ya ɗora hannu a ka ya ce, "Baba, abeg, kada ka mutu mini a shago." Ya kira wani, suka ɗauki Kawu cak, ɗaya kai ɗaya ƙafa, suka fitar da shi suka kwantar a benci a bakin titi, wai ya sha iska. 'Yan acaba suka fara tsayawa. Kawu yana kwance ya ce mini, "Mutumin kirki ne, ya ji tsoro ne. Amma in ta faɗi a nan, waje za a ajiye ta, duk PZ na kallo." Ya tashi ya girgiza bencin, ya ce shi ma ba shi da ƙwari.

Haka muka yi ta yi duk Asabar. Wani wurin zafi ya yi yawa, ba taga. Wani nisa, ya ce duk wurin da sai an canja mota kafin a kai, ran da aka yi ruwa ba za a je ba, daga nan kuma an daina ke nan. Wani ya tambayi mai horarwa a ina ya koyi aikin, yaron ya ce a waya, Kawu ya ce ya gaida wayar. Kuma ko'ina sai ya faɗi. Har labari ya zaga gari. Muka je wani a hanyar Jama'a, mai gadi ya tare mu ya ce, "Kai ne tsohon nan mai lema? An ce kada a bar ka ka shiga."

Kawu ya ji daɗi, wallahi har fuskarsa ta nuna. Ya ce, "To ai bakin ƙofa ma wuri ne." Ya miƙo mini kayansa ya zube a gaban mai gadin.

Mai gadi ko motsi bai yi ba. "Tashi, Baba. An gaya mana."

Kawu daga ƙasa ya ce, "In ta gaske ce fa?"

"In ta gaske ce da ba ka ba ta tabarau ba."

Ranar na ce na gaji. Na tsayar da mota a gefen titi, na ce ya nemi wani direban, ni mutuncina ya ƙare a Zariya, ɗalibaina sun fara zubewa a aji in na shigo. Ya naɗe hannun riga yana duba gwiwar hannunsa, duk ta kuje, wani wurin ya yi baƙi. Ya ce, "Lami, ni in na faɗi, nan kawai ke ciwo. Ita in ta faɗi aka yi mata ba daidai ba, sau ɗaya tak, ba za ta sake fita daga ɗakin nan ba sai an ɗauke ta." Tausayinsa ya kama ni. Na tada mota.

Wata mai sayar da kayan miya ce ta ba mu labarin Malama Hadiza a Dogarawa, wadda ta gyara wani zaure a bayan gidanta mata na zuwa motsa jiki da safe. Daga gidan Kawu tafiyar keke-napep ce guda, ba canji. Muka je. Wurin ba wani kyau, ƙarafan sun tsufa, keken yana ƙara in ana tuƙawa. Amma ba matakala, an shimfiɗa roba a ƙasa, tagogi a buɗe, fanka na juyawa, ga dogon ƙarfe a jikin bango na dafawa. Madubi guda ne, ƙarami, can kusa da bayi.

Kawu ya sa kai zai shiga yana jan ƙafa, Malama Hadiza ta tare ƙofa. "Baba, yi haƙuri, yanzu lokacin mata ne. Maza ba sa shiga."

Ya tsaya. Ya dubi ƙofa, ya dubi lemarsa, sannan ya juyo ya dube ni. Na ce, "A'a." Ya ce, "Kawo jakarki." Na ce, "Kawu, ni fa malamar makaranta ce." Ya ce, "Ni hedimasta ne, kuma kin ga yadda na yi. Hagu ne ya shanye, kada ki manta."

Na shiga ina jan ƙafa, ina jin kamar in nutse. Na kai tsakiyar zaure, na rufe ido, na zube.

Na jira ihu, ban ji ba. Ba wadda ta rugo, ba wadda ta ɗaga waya. Malama Hadiza ta zo ta zauna a ƙasa kusa da ni, ta ce, "Kada ki tashi tukuna. Ina ya bugu? Wane ɓarin ne mai ƙarfi?" Na ce dama. Wata ta turo kujera ta koma abin da take yi. Malama ta nuna mini in mirgina ta dama, in durƙusa, in dafa kujerar da hannun mai lafiya, in tashi da kaina, ita tana riƙe da ƙuguna kawai. Hannun hagun ko taɓa shi ba ta yi ba. Wata tsohuwa a kan keke ta ce, "Ba komai, 'yar nan. Ni ma shekaranjiya na faɗi. Ƙasar nan ta san mu duka."

Da na zauna, Malama ta sunkuyo ta ce a hankali, "Ki gaya wa tsohon da ke leƙe ta taga ya sauko daga kan bulon nan kafin ya yi ta gaske. Labarinsa ya riga shi zuwa. Wa kuke nema wa wuri?"

Na fito na gaya wa Kawu. Ransa ya ɓaci. "Ashe ta san ta ƙarya ce? To jarrabawa ta lalace."

Malama Hadiza daga bakin ƙofa ta ce, "Na sani, Baba. Amma ko ta ƙarya ce, ai a ƙasa na gan ta."

Kawu ya dube ta ta saman tabarau. Sai ya ce a fito masa da kujerar. Aka fito da ita, ya jijjiga, ya danna gwiwa, ya leƙa ƙarƙashi. Ya ce, "Ta ci. Ita da kujerar."

Saura Mama. Muka same ta a ɗaki, Kawu ya ce an samu wuri. Ta ce ta riga ta faɗa, ba za ta je ta faɗi a gaban mutane ba. Ya zauna a bakin gado, bayan ya danna katifa, ya ce, "Maman Iliya, kin makara. Na faɗi a Samaru, na faɗi a PZ, na faɗi a hanyar Jama'a, an ɗauke ni kamar gawa an ajiye a bakin titi. Lami ma ta faɗi. Kunyar faɗuwa ta gidan nan na cinye ta duka, ban rage miki ko kaɗan ba. In kin faɗi yanzu, cewa za a yi, a'a, matar mai lema ce, abin nasu na gida ne."

Na ba ta labarin zare waya da ɗankwalina. Mama ta fara dariya, bakinta a karkace, tana rufewa da hannu, har hawaye. Tun da ciwon ya same ta ban ji dariyarta ba sai ranar. Ta ce, "Baban Iliya, kai dai ba ka da kunya." Ya ce, "Na gaya miki ta ƙare." Litinin da safe ta ɗaura zani ta fito.

Daga nan kullum yana raka ta. Ita tana ciki, shi yana waje a kan benci da lemarsa, yana sauraron ƙarar keken. In ƙarar ta tsaya sai ya ɗaga murya ya ce, "Ban ji ba." Ta faɗi a wurin kuwa, ba sau ɗaya ba, ta tashi da kanta ta dafa kujera, ta dawo gida tana ba da labari. Shi kansa Kawu ko sau ɗaya bai taɓa motsa jiki a jim ba. Da Malama ta ce akwai lokacin maza da yamma, ya ce ya gode, shi ya gama nasa a ƙasa.

Kun tuna sujadar godiyar kaka ta shekarar. Matan zumunta suka tashi rawar baiko, sai ga Mama ta miƙe. Ba ta gaba kamar da, ƙafar kuma ba ta saki duka ba, amma da ƙafarta ta taka daga benci har gaban coci, tana bin kiɗan tulu. Kawu yana bayanta, hannuwa a buɗe, yana tafe kamar mai kora kaji. Ni kaɗai na lura ya bar lemar a kan benci.

Bara ya kwanta, ciwon bai daɗe ba, ya tafi. Ranar jana'iza, an ajiye akwatin a gaban coci, Fasto ya gama wa'azi, matasa sun matso za su ɗauka, sai Mama ta ce a dakata. Ɗansu Iliya ya miƙa hannu zai riƙe ta, ta ce ya bari. Ta taka ita kaɗai har wurin akwatin. Ta kama shi ta jijjiga, ta danna murfin da tafin hannu, ta sunkuya ta duba ƙarƙashi. Sannan ta ce, "Na gwada maka, Baban Iliya. Da ƙwarinsa. Kwanta."

Wasu suka fashe da dariya, wasu da kuka, ni duka biyun na yi, kuma har yau in na tuna haka nake yi.

Ya Ubangiji, ga Kawu Bulus nan mun miƙa maka. In ya girgiza kujerar da ka ba shi, ka yi masa haƙuri, halinsa ne. Ka ba shi hutu, shi da ya sha ƙasa saboda matarsa ta tsaya. Ka riƙe Mama Rifkatu ta ɓarin mai ƙarfi, ka ƙara mata kwana da lafiya. Mu kuma, in mun faɗi, ka haɗa mu da wanda zai zauna a ƙasa kusa da mu. Amin.